Kuskure na Goma Sha Biyu

Bara na faɗi kwas ɗin tushen lantarki, kuma a makarantarmu dama biyu kawai ake ba mutum. In ya faɗi na biyu sai a miƙa masa takardar sallama, ya je ya nemi wani abin yi. Shi ya sa bana nake zaune a aji ɗaya da ƙannen bayana, suna ce mini Anti, ni kuwa ina jin kalmar nan kamar ana tsira mini allura. Saura kwana biyar jarrabawa Sakatariya ta ba ni aron littafinta.

Sakatariya muke ce mata saboda rubutunta. Duk abin da malami ya rubuta a allo sai ta kwafe shi tsaf da fensir, ta ja layi da rula, ko waƙafi ba ta bari. Malamin kwas ɗin kuma, wanda muke kira Ba Canji, tambayoyin da ya warware a aji su yake juyawa ya kawo a jarrabawa shekara da shekaru. Don haka littafin nan kowa a aji yana son sa, ita kuwa ba ta ba kowa. Amma ranar nan muna fitowa daga lacca ta tsayar da ni, ta ciro shi daga jaka ta ɗora mini a hannu.

"Anti, riƙe shi kwana huɗu. Ni na riga na haddace, ranar jajibirin jarrabawa sai ki dawo mini da shi in ɗan bi."

Na yi godiya, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wata biyu da suka wuce a ɗakin gwaji ta jona mitar auna wuta baibai, fiyus ya ƙone, mai kula da ɗakin ya tambayi wa ya yi, ni kuma bakina ya riga ni, na faɗi sunanta. Sai da ta yi kuka a ranar. Yau kuma ita ce take kirana gefe tana ba ni abin da ta hana ƙawayenta?

A gidan Yayata nake zaune. Mijinta mai gyaran rediyo da inbata ne, shagonsa na ƙasa, gidan na sama. Mutanen layin Injiniya suke ce masa, alhali ko takardar sakandare bai ƙarasa ba, ni kuwa Mai Dalma nake kiransa don tsokana. Akwai wani ɗan tebur a ƙuryar shagon, ƙarƙashin fanka, tsakanin tulin matattun rediyo da kwalin wayoyi, a nan nake karatu. Bara ya taɓa ce mini in kawo ya duba mini abin da ya shige mini duhu, na ce masa wannan ba ɗinkin waya ba ne, lissafi ne. Dariya kawai ya yi, bai sake tayi ba.

Ranar farko na ajiye littafin a aljihun tebur na hau sama na taya Yaya aiki. Washegari da hantsi na zauna na fara abin da na iya, wato hadda. Ina karantawa da ƙarfi, ina kaɗa ƙafa. Resista, ɗan abin nan da ke rage wa wuta gudu, guda biyu ne a zanen, kowacce ma'aunin matsinta om goma, an haɗa su gefe da gefe.

"Jimla om ashirin," na ce. "Om ashirin. Om ashirin."

Mai Dalma yana sunkuye a kan wata inbata, hayaƙin dalma na tashi ta gefen kunnensa. Bai ko juyo ba ya ce, "Auta, kin cika mini kunne. Ga resista nan a gwangwani, ga mita a rataye. Ki gwada mana ki huta."

Don dai in rufe masa baki na ɗauko guda biyu, na murɗe ƙafafunsu wuri ɗaya kamar yadda zanen ya nuna, na ɗora mita. Ta nuna biyar. Na ce mitarsa ta tsufa. Ya ce to. Na ɗauko littafin karatunmu mai kauri wanda rabona da shi tun farkon zango, na bi ƙa'idar da kaina. Biyar ne. In an jera su ɗaya bayan ɗaya ne ake tarawa, in gefe da gefe suke wuta ta sami hanya biyu, dole jimlar ta ragu.

Na ɗaga shafin sama wajen hasken ƙofa. Daidai wurin da aka rubuta ashirin ɗin takardar ta ɗan yi gashi-gashi, alamar an goge wani abu an sake rubutawa.

Nan take na zargi Sakatariya. Kuskure dai kowa yana yi, amma wanda ya rubuta daidai sannan ya goge ya sa ba daidai ba, wannan ba kuskure ya yi ba. Na tuna yadda ta ce, "Ni na riga na haddace." Ai dole ta haddace, tun kafin ta lalata shi ta ba ni.

Ban gaya wa kowa ba. Na sayo jan biro da sabon littafi, na koma shafi na ɗaya. Tun daga ranar ban sake yarda da layi ko ɗaya ba sai na warware shi da hannuna. Kafin la'asar na kama guda uku. A wani zane an juya diyod, abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, an sa ta tana fuskantar baya amma amsar ta ce ƙwan fitila zai kama. A wani wurin an matsar da ɗigo, amsa ta ninka sau dubu. Na uku batir ne aka musanya masa kai da gindi. Kowanne na samu sai in zagaye shi da ja, in rubuta daidai a gefe, in ji wani irin daɗi mai ɗaci.

A makaranta kuwa na sa mata ido. In ta yi dariya da ƙawayenta sai in ce da ni suke. In ta gaishe ni sai in tsaya ina auna gaisuwar. Ranar Laraba ta same ni a bakin famfo ina wanke hannu.

"Anti, ya littafin? Kina ganewa?"

"Sosai ma," na ce, ina kallon cikin idonta. "Musamman shafin diyod ɗin nan."

"Ai wannan mai sauƙi ne," ta ce, ko gezau ba ta yi ba.

Na ce a raina yarinyar nan ta ƙware. Ƙaramar yarinya da fuska kamar ba ta san komai ba.

Yaya ta lura na daina cin abincin kirki. Ta sauko shago da kwano ta dire mini a kan littafin.

"Ke da mutum kike faɗa ko da takarda? Kullum fuska a murtuke, kina ƙunƙuni ke kaɗai kamar rediyon da ba a kashe ba."

"Yaya, ki ƙyale ni, akwai masu son ganin bayana."

"Wa kika tare wa hanya da zai so ganin bayanki? Ci abinci."

Mijinta yana can yana fito da baki, yana tsintar wani abu a cikin murfin gwangwani. Ban bi ta kansa ba.

Akwai wata doka da na riƙe ta zama mini fitila a kwanakin nan. Duk inda wayoyi suka haɗu, wutar da ta shiga mahaɗar ita ce za ta fita, ba ƙari ba ragi. Kowane shafi na buɗe sai in fara tara abin da ya shiga da abin da ya fita. In suka yi daidai in wuce, in ba su yi ba in tsaya in yi tono. Da ita na kama guda biyar. Zuwa jajibirin jarrabawa da rana, jan birona ya zagaye wuri goma sha ɗaya, kuma na bi littafin daga bango zuwa bango sau biyu ban ƙara samun komai ba. Gaskiya ban taɓa sanin kwas ɗin nan kamar yadda na san shi a ranar ba, amma ba wannan ne a raina ba. So nake in ga fuskar Sakatariya.

Na same ta a ajin da babu kowa sai ita da ƙawayenta biyu, suna tambayar juna. Na ajiye littafin a gabanta da ƙarfi, har rularta ta faɗi ƙasa.

"Ga kayanki. Goma sha ɗaya ne, na ƙirga. Duk na gyara miki, ba sai kin wahala ba."

Ta buɗe, ta ga jan biro a cikin tsaftataccen littafinta, ta ɗago a firgice. "Anti, me ya faru? Wa ya yi wannan?"

"Ke za a tambaya. In fiyus ɗin nan ne bai wuce miki ba, da kin zage ni kawai a wuce wurin. Amma ki ba ni guba a cikin littafi, kin san wannan ce damata ta ƙarshe?"

Ƙawayen suka miƙe. Ita kuwa sai bin shafukan take da yatsa. Can ta tsaya a kan ashirin ɗin nan na farko, ta juyo mini da littafin.

"Dubi nan da kyau. Fensirina siriri ne, kullum a feƙe yake, ki duba sauran layin. Wannan kuwa mai kauri ne, baƙi ƙirin, irin na masu zana katako. Ni ban taɓa riƙe irinsa ba." Ta ɗago ta dube ni. "Na ba ki ne don na ji ana cewa in kika faɗi za a kore ki. Maganar fiyus ni na ma manta."

Na sunkuya na duba. Gaskiyarta ne. Kwana huɗu ina ƙura wa shafukan nan ido, ina neman laifinta, ban taɓa lura da kaurin fensirin ba. Kuma na san fensirin. Kullum yana maƙale a bayan kunnen mijin Yayata.

Ta rufe littafin ta sa a jaka. "Kin tabbata kin gyara duka?"

"Duka," na ce.

Ta fita ba ta waiwayo ba, ƙawayen suka bi ta suna harara ta.

Ban san yadda na iso gida ba. Rana ta yi sanyi, Mai Dalma yana shigar da kayan da ya baza a ƙofar shago. Na tsaya a gabansa ina huci.

"Kai ne ka taɓa littafin nan?"

"Sai yau kika gane?" Ya yi murmushi har da gyara tsayuwa, kamar wanda aka zo yi wa godiya. "Haka maigidana ya koya mini aiki. Sai ya ɗauko rediyo lafiyayye, ya lalata wuri kaza a ciki, ya ajiye mini bai ce komai ba. In aka gaya maka akwai matsala, ai an yi maka rabin aikin. Ranar da na ga littafin a aljihun tebur na san zama za ki yi kina rera lissafi kamar bara, na ce yarinyar nan za ta sake faɗuwa ina kallo."

"Littafin ba nawa ba ne! Na mutane ne, aro aka ba ni. Na je na ci mutuncin yarinya a gaban ƙawayenta."

Murmushin ya ɓace. "Subhanallahi. Na ɗauka naki ne, Auta. Ai na ce yaushe rubutunki ya gyaru haka."

Yaya ta sauko da gudu jin hayaniya, ta ji abin da ya faru, ta riƙe haɓa. "Kai dai ba ka iya taimako irin na mutane ba. Kai da gyara, sai ka fara ɓatawa."

Ya jawo murfin gwangwanin nan daga kan benci. Ashe duk kuskuren da ya dasa sai ya jefa ƙaramin noti ɗaya a ciki, in ya ga na zagaye wani da ja sai ya cire ɗaya. Haka yake yi wa masu koyon aiki a wurinsa. Ya karkato mini da murfin. Noti ɗaya ne ya rage a ciki.

"Goma sha biyu na sa," ya ce a hankali. "Kawo littafin in nuna miki."

"Ta karɓe."

Ya sosa ƙeya. Na lissafa masa goma sha ɗayan da na samu, yana gyaɗa kai, da na gama ya ɗaga kai yana kallon silin. Ya ce ko a wajen taransifoma ne. Ya ce a'a, ko dai kafasita. Daga ƙarshe ya ce wallahi ya shige masa, zama ɗaya ya yi su duka, kuma shi da ido yake gane abu, in ba shafin a gabansa ba zai tuna ba.

Na hau sama na ɗauki waya. Na rubuta wa Sakatariya: akwai saura ɗaya ban gano ba, kada ki yarda da littafin. Na tsaya ina kallon saƙon. In na tura, dole in faɗi wa ya yi, dole in ce daga gidanmu ne, bayan duk abin da na zazzage mata ɗazu. Kuma ni ce na ce mata duka na gyara. Na ce a raina ai littafinta ne, ta haddace shi tun kafin a taɓa, in ta gani za ta gane. Na goge saƙon. Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba, kuma na san haka tun a lokacin.

Da safe a ƙofar zauren jarrabawa na hango ta tsaye a jikin bango, littafin a buɗe a hannunta, leɓɓanta na motsi. Na nufe ta. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta gan ni, ta taɓa ta, su uku suka juya mini baya. Sai ga mai sa ido yana kiran lamba, na shige.

Maki arba'in nake nema. Tambaya ta ɗaya da ta biyu na san su, amma na kasa sauri, don kowane layi na rubuta sai in ji kamar shi ne mai notin. Ta uku rabinta na iya. Da na lissafa abin da nake da tabbas a kai, bai wuce talatin ba. Saura minti ashirin da biyar na juya takarda na ga ta huɗu, maki ashirin da biyar, kuma na san ta kamar yadda na san fuskar Yaya. Ba Canji ko lamba ɗaya bai canza ba. Wuta amfiya uku ta iso mahaɗa, ta rabu biyu, wani sashe ya bi ta resista mai om biyu, wani ta mai om huɗu. Nawa ya bi ta kowacce, sannan sauran tambayoyi huɗu da suka rataya a kan amsar.

Hannuna ya riga ni. Mai om biyu amfiya ɗaya, mai om huɗu amfiya biyu. Haka yake a littafin, ina ganin shafin a idona. Ɗaya da biyu uku, abin da ya shiga ya fita, dokata ta gamsu. Sau biyu na bi shafin nan a shago na wuce shi saboda haka.

Har na sa biro zan ci gaba sai na tsaya. Kwana huɗu na yi ina zargin kowane layi, jikina ya saba. Na ce to, in gwada ta wata hanya. Su biyun gefe da gefe suke, kansu ɗaya, gindinsu ɗaya, dole ƙarfin da ke tura wuta a kansu ya zama ɗaya. Biyu sau ɗaya, biyu. Huɗu sau biyu, takwas. Biyu da takwas! Ta yaya ma hanyar da ta fi matsi za ta ɗauki wuta fiye da mai faɗi? Ashe musanya su ya yi, ya bi shafin har ƙasa ya daidaita sauran amsoshin, ya bar jimlar tana ba da uku. Na soke, na juya su. Biyu sau biyu huɗu, huɗu sau ɗaya huɗu. Na samu na goma sha biyu.

Na ɗago kai don in ja numfashi, idona ya sauka a kanta. Layi biyu ne tsakaninmu. Ta juya zuwa shafin ƙarshe ita ma, bironta na gudu ba tsayawa, irin gudun wanda bai taɓa shakkar littafinsa ba. Ta ja layi da rula a ƙarƙashin amsa, ta rufe takarda, ta naɗe hannu.

"Mai lamba talatin da ɗaya, idonki a kan takardarki," in ji mai sa ido.

Na sunkuya na ƙarasa. Ina sa ɗigon ƙarshe aka ce a ajiye biro. Na san na haye arba'in, har da ɗan ƙari a sama, amma ban ji daɗin da na yi shekara guda ina jira ba.

A kan matakala na same ta tana jirana, ita kaɗai. Fuskarta ta saki.

"Anti, na huce. Jiya raina ne ya ɓaci." Ta kama hannuna. "Kin ga ta huɗu? Da safen nan na bi ta, da na ɗan rikice wacce ce ɗaya wacce ce biyu, na duba littafi na gyara a kaina. Ina ganinta a takarda na ce alhamdu lillahi, Anti ta tsira. Ɗaya da biyu, ko?"

Na girgiza kai. "Biyu da ɗaya ne."

Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Na ga tana lissafi da ido, leɓenta na motsi. Biyu sau ɗaya. Huɗu sau biyu. Ta saki hannuna a hankali.

"Kin ce duka kin gyara."

"Saura ɗaya ne. Mijin Yayata ne ya sa su, goma sha biyu ne. A cikin zauren na gano ko wanne ne."

"Amma kin san da saura."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

Ɗalibai na ta wuce mu suna ihu, wani yana tambayar wani nawa ya samu a ta uku. Na so in ce da safen nan, na so in ce ai na nufo ki kuka juya mini baya. Tana tsaye tana jira, littafin rungume a ƙirjinta.

"Tun jiya da yamma," na ce.